Hannun da Ya Ƙi Fitowa

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramin, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, sai dai kaina ya kusa fashewa, kuma iyayenki ne sanadi.

Kin san bana ce shekarata ta ƙarshe a jami'a, kuma ba za a sallame ni ba sai na miƙa aikin hoto na ƙashin kaina, wanda za a rataye a bango malamai su duba. Na zaɓi in ɗauki hannun Baba yana gyaran agogo. Na ce ga shago a ƙofar gida, ga tsoho kullum a zaune da gilashi a ido ɗaya, abin nema ya samu. Ashe da sauran rina a kaba.

Ranar farko, kafin in gama saita kyamara, Mama ta riga ni shiga shagon da tsintsiya. Ta kwashe batura da ƙananan notuna da tsofaffin maɗauran agogo, duk tarkacen da nake so su fito, ta shimfiɗa wa teburin ƙyalle mai fure. Baba kuwa ya shige ciki ya fito da rigar ƙasan akwati, ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin agogunan bango, ya mayar da hannu baya kamar soja. Na ce masa hannun nake so. Ya ce me aka yi aka yi hannu, ai fuska ce mutum. Haka muka yi ta fama har ƙarshen mako.

Malamin da ke duba aikina muna ce masa Malam A-Sake, don ba a taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba. Ya kalli hotunan ta saman tabarau, ya tambaye ni ko katin shaida zan yi wa tsohon. Sannan ya faɗi kalmar tasa.

Don Allah ki yi musu magana, ke suna jin taki. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, kuma ban ji daɗinsa ba. Na ce ki yi wa su Baba magana, ke kuma kin ce in canza aiki, in je in ɗauki itatuwa ko 'yan kasuwa. Yanzu da aski ya zo gaban goshi? An riga an rubuta sunan aikin, in ban miƙa ba sai in maimaita shekara, ƙawayena su tafi su bar ni ina gaisawa da Malam A-Sake.

Tunda lallami ya ƙi, na koma sata. Na roƙi telan da ke tsallaken hanya ya bar ni in kafa kyamara a bayan tagarsa, daga nan ana hango teburin Baba sarai. Shagon namu kin san duhunsa, dole kyamara ta ɗan jima ido buɗe kafin ta kama, don haka na ɗora ta a kan ƙafa uku kada ta motsa.

To ki gaya wa maigidanki, kyamarar da ya sayo mini an cuce shi. Komai yana fitowa tangaran: teburi, gilashin idon Baba, furfurar gemunsa, har lambobin agogon da ke bayansa. Amma hannun, wanda dominsa nake wannan wahala, sai ya fito kamar hayaƙi. Na goge gilashinta, na kai wa mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau, na ce shi ma bai san aikinsa ba. Na aro ta wata 'yar ajinmu, ita ma haka. Wato duk kyamarorin garin nan sun haɗa baki a kaina.

Ga kuma Mama. Ita da take cewa ƙaf-ƙaf ɗin agoguna na sa mata ciwon kai, yanzu a shagon take wuni. Da an kawo ƙaramin agogon hannu sai ta ja labule, ta rufe mini komai. Jiya wani direba ya zo karɓar nasa karo na ban san nawa ba, aka sake ce masa sai jibi, ya tafi yana ƙunƙuni. Soyayyar tsufa ce ta motsa ko me, oho. Ni dai tana neman kayar da ni jarrabawa.

A shafa mini kan yara.

Taki mai jin haushi,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki don gaisuwa wajibi ce, kuma ina fatan kowa lafiya. Amma ki sani ina fushi da ke.

Makon jiya, wata rana da hantsi, haƙurina ya ƙare. Na ga an kawo agogon mata, na ga labule ya rufe, sai na tsallako da kyamara a wuya, na yi sallama da yaye labulen lokaci guda. Niyyata haske ya shiga in ɗauka ko da faɗa ne. Yatsana ya riga idona dannawa.

Baba na zaune da hantsaki, zai ɗora noti ɗan mitsitsi kamar ƙwayar yashi. Mama na tsaye a kansa, ta riƙe masa wuyan hannu da hannayenta biyu. Da ta firgita ta saki, sai na ga hantsakin yana kaɗawa, yana bugun gefen agogon, notin ya faɗi ya ɓace. Baba ya yi maza ya tura hannun ƙarƙashin tebur.

Shekara da shekaru ana koya mini cewa abin da ya motsa shi ne ke fita dishi-dishi. Na zagi kyamara, na zagi mai gyara, na zagi maigidanki, ban taɓa kawo wa raina hannun Baba zai iya rawa ba. Mutumin da yake cire mana ƙaya ba mu ji ba.

Mama ce ta tona ki. Ta ce tun bara abin ya fara, kin sani, har ke kika samo likitan, kuma ku ukun kuka yanke kada a gaya wa Auta sai ta gama karatu, kada hankalinta ya rabu. Sannu da dabara. Kun ɓoye mini hannu, ni kuma cikin duk abin da ke duniya na tashi na zaɓi hannun. Shi ya sa kike tura ni wurin itatuwa.

Na ce zan goge hoton, gara in maimaita shekara da in rataye asirinsa a bango. Baba ya ce in miƙo kyamarar. Ya daɗe yana dubawa da gilashinsa, sannan ya ce: "Wannan kam ya fito. Ki maimaita shekara, wa zai sake jure miki? Kai musu." Mama ta leƙa ta ce ita ba ta yarda ba, ba ta shafa mai a hannu ba, a sake. Na ce wallahi wannan kalmar ta ishe ni, ba za a sake ba.

Na yi kuka a shagon tela, shi kuma ya yi kamar bai gani ba, Allah Ya saka masa. Tun daga ranar sun bar labulen a buɗe, na ɗauki sauran hotunan da nake buƙata, da masu hayaƙin duka zan haɗa. Da na kai wa Malam A-Sake, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan wanda Mama ke riƙe da hannun Baba ya cire tabarau, ya ce in je in wanke shi babba.

Ki ba maigidanki haƙuri, kyamararsa ba ta da laifi. Ke kuwa ban huce ba. Ki zo ranar da za a rataye, ki tsaya kusa da Baba, don na san zai sa rigar nan ya mayar da hannu baya. Daga can mu wuce wurin likita tare, ni ma in ji da kunnena.

Direban ya karɓi agogonsa yau. Mama ta je kasuwa, ni na riƙe hannun.

Ƙanwarki,
Auta