Sunan da Memuna ta kira a cikin kaset

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, Bawku ba ta da girma ga mai abin ɓoyewa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kusa shekara talatin yana cina.

A tsakiyar shekarun casa'in ni ne mai ɗaukar bidiyon biki da suna a Zongonmu. Ina da aboki, Fuseini, tare muka tashi, tare muka sha bulalar malam. Allah ya ba shi tsawo da murya, ni kuwa ya ba ni kyamara. Shi ya kawo shawarar mu yi namu fim da Hausa, labarin 'yar wani mai fataucin goro da ɓarayi suka sace suka ɓoye a kango a hanyar Pusiga, Sufeto ya je ya ceto ta. Fuseini ne Sufeto. Wadda aka sace kuwa Memuna ce, a lokacin har an kai goron neman aurenta da sunana.

Ba yabon kai ba, aiki ya fita. Hoto tas, har zaren igiyar da aka ɗaure ta ana gani, sauti kuma har kukan zabi a bayan kango ana ji. Matsalar tana wurin ceto. An tsara ta ce, "Sufeto, ka zo?" Amma da ya durƙusa yana kwance mata igiya sai ta ɗaga kai ta ce a hankali, "Fuseini, ka zo?" Babu wanda ya lura sai ni da na manna ido a kyamara. Na ji, kuma na ga irin kallon da ta yi masa, wallahi ni ba ta taɓa kallona haka ba. In na ce a sake ɗauka, sai an tambaye ni dalili, don haka na ci gaba da ɗauka.

Ku ji abin da kishi ya sa ni. Na jona dek biyu na kunna kaset ɗin bidiyo, na kwafi kaset daga na asali, na kwafi wani daga kwafin, na sake, har sau biyar. Duk mai wannan sana'a ya san abin da ke faruwa. Launi ya zube, layi yana gudu a ƙasa, fuskar Fuseini ta zama kamar ta wanda ake hangowa ta labule, sauti kuma shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Sunan nan ya nutse, ko ni da na san wurin ba na jin sa. Wannan kwafin na biyar na ba Fuseini, na ce masa ɗakina ya yi yoyo, ruwa ya cinye na asalin. Ya dafa ni ya ce ƙaddara ce, har shi ke ba ni haƙuri.

Da wannan kaset ya yi yawo. A Yendi mai gidan bidiyo ya yi ta murɗa maɓallin daidaita hoto har ya gaji, a Salaga 'yan kallo suka tashi tun ba a kai rabi ba, suka laƙaba masa Sufeto Inuwa. Sunan ya bi shi har Bawku. Bai sake tsayawa gaban kyamara ba, ya koma sayar da taya. Ni na auri Memuna, shi ne ma babban abokin ango.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Makon jiya 'yarsa Adisa ta zo daga Yendi, ta durƙusa ta ce, "Baba, ko guntun fim ɗin nan ba ka da shi? Yarana ba su san muryar kakansu ba." Na maimaita mata ƙaryar ruwa. Bayan ta tafi, Memuna tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi ba ta ce in duba ƙasan akwatin ƙarfena, ita ke fito da kaset ɗin asalin duk shekara tana goge masa ƙura.

Jiya na ciro shi. Zaren kaset ɗin ba a farko yake ba. Na jona tsohon dek ɗina, ashe yana aiki, ina dannawa sai ga Fuseini a durƙushe da igiya a hannu, fuska tas. Na kasa tuna ko ni na bar shi a nan tun wancan lokacin, ko wani ya kalla bayana. Mutum yana kabari, ni ina da jikoki, amma ƙirjina ya yi zafi kamar ranar.

In na ba Adisa, gari zai san na cuci amini, kuma 'ya'yana za su ji uwarsu ta kira wannan suna da wannan murya. In na yanke wurin, na sake cutarsa yana ƙasa. In ba ta shi yadda yake? Kuma Memuna fa, in tambaye ta wa ya tsayar da kaset a nan, ko in bar wa Allah?