Huffin da Ka Aiko wa Baba

Shango, Minna,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga yayana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwantaka, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rahmatu da yara. Allah ya tsare ka a kan titunan Jidda, ya sa albarka a tuƙin da kake yi. Mu nan Shango muna lafiya, sai zafi da ya matsa mana, har yau ruwan farko bai sauka ba. 'Yar'uwarmu Zakiyya ta sauka lafiya a Chanchaga, an samu mace, kuma mijinta ne zai kawo maka wannan takarda idan ya iso Umra. Na zaɓi rubutu ne da gangan, domin na lura duk ranar da na ɗauko maganar Baba a waya, a ranar ce layinka yake lalacewa.

Yaya, maganar huffin fatar nan ce da ka aiko wa Baba wata biyar da suka wuce. Ka san halinsa, mutumin da ya shekara talatin yana gyaran inji a reluwe yana tsine wa takalmi sau-ciki, ya ce ranar da ya yi ritaya ƙafarsa ta samu 'yanci. Sai ga shi a zafin Minna yana yawo da huffi safe da yamma. Da na yi magana ya ce malamai sun halatta shafa a kan huffi wurin alwala, kuma tsufa ya sa sunkuyo yana ba shi wuya. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Daga nan na fara lura. Ya daina alwala a tsakar gida, sai ya shiga ɗaki da buta ya turo ƙofa. Yana ɗan ɗingishi in ya zaci ba mai kallonsa. Kyauta mai yankan farce kuma, wanda kullum Juma'a a zaure yake yi wa Baba da abokan hirarsa yanka, sai ya koma shiga har ɗaki a saki labule.

Juma'ar da ta wuce na tare Kyauta a bakin ƙofa. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce shi dai an hana shi faɗa, amma farcen babban yatsan Baba ya fi ƙarfin almakashi, da reza yake kankare shi. Na tambaye shi ko rezar ta Baba ce shi kaɗai, ya ce reza ai reza ce, da ita yake yi wa kowa. Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na zuba a roba, na kai gaban Baba na zauna a ƙasa, na ce ba zan tashi ba sai na ga ƙafar. Ya yi faɗa, ya ce auta ba ta da kunya, na ce na ji. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, a ƙarshe ya miƙo.

Wallahi sai da na yi kuka. Farce uku sun yi kauri, sun koma ruwan ɗorawa, suna marmashewa kamar busasshen ƙuli. Tsakanin yatsun ya yi fari fat ya jiƙe, cin ruwa sosai, kuma ƙarƙashin ƙaramin yatsa ya tsage yana fitar da ruwa. Ga wari. Ashe in ya wanke ƙafar a ɗaki, tana jiƙe yake zura ta cikin huffin don kada alwalar ta kuɓuce masa, ta wuni a ciki tana gumi. Kuma abin da yake shafawa man birki ne, wai da shi suke kashe makero a wurin aiki tun zamanin samartaka. Mutumin da ke fama da ciwon suga shekara tara, Yaya.

Na kira maƙwabciyarmu Rhoda, wadda take aikin jinya, ta zo ta duba. Ta ce ciwon dangin makero ne, yana son wuri mai ɗumi da laima, kuma ana ɗaukarsa ta reza ko silifas ɗin banɗaki da jama'a ke sawa, ko jiƙaƙƙen daɓen wurin alwala. Ta ce ga mai lafiya abin ƙaiƙayi ne kawai da muni, amma ga mai suga wannan 'yar tsagar ita ce ƙofar da ke kai mutum ga rasa ƙafa. Ta ba mu man shafawa na tsakanin yatsu, safe da yamma har wata guda, ko da ya ga kamar ya warke kada a tsaya. Farcen kuwa ta ce mai ba ya ratsa shi, sai ƙwaya ta kamar wata uku, kuma likita ne zai rubuta bayan an gwada jininsa an ga lafiyar hantarsa. Sabon farce kuma sai ya kusa shekara kafin ya gama fitowa. Yanzu na ware masa ɗan tawul na ƙafa kaɗai, bayan kowace alwala ina tsaye sai ya tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na saya masa abin yankan farce nasa shi kaɗai, silifas ɗinsa kuma kullum suna shan rana a kan katanga. Man birkin na zubar da shi a kwata.

Saura asibiti, a nan muka tsaya. An ba mu Alhamis ta sama, Baba ya ce ko da igiya ba za a kai shi ba. Ka tuna Baba Jiya na Maikunkele, abokin aikinsa, wanda aka yanke wa ƙafa bara? Tun daga ranar da Baba ya je duba shi ya sa a ransa cewa duk mai suga da ya nuna wa likita ƙafa, da sanda zai dawo. Rhoda ta yi masa bayani cewa Baba Jiya ɓoyewa ya yi wata shida, shi ya jawo yankan, wato dai Babanmu ya yi gudun gara yana neman faɗawa gidan zago. Ya saurare ta har ta gama, ya yi mata godiya, ya ce ba za shi ba.

Yanzu na zo kanka. An ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya, to Allah ya yafe mini, domin ina zarginka. Shekara nawa kana aiko wa Baba takalmi, ba ka taɓa kuskuren lamba ba, arba'in da biyu. Huffin nan arba'in da huɗu ne, daidai ƙafar da farcenta ba ya son matsi. Da nake kakkaɓe katifarsa na tsinci wani man shafawa da rubutun Larabci a jikinsa, an matsa kaɗan an ajiye. Wane kemis ne a Shango yake sayar da wannan? Kuma tun watan azumi ba ka rufe waya sai ka tambaye shi yaya tafiya, alhali Baba ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Shekaranjiya da na matsa masa, bakinsa ya suɓuce ya ce ai Ɗayyabu ma ya ce man ya isa, sai ya kama tari ya sauya magana. Biri ya yi kama da mutum, Yaya. Ina jin ya gaya maka tun farko, ya sa ka rantse ba za ka faɗa mini ba, kai kuma ka bi shi don biyayya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni nake dafa masa abinci ina auna masa suga, amma ni aka mayar bare.

Ban rubuto don ka ba ni haƙuri ba. Baba ba ya jin maganar kowa a kan wannan sai taka. Ka kira shi kafin Alhamis, ka ce masa man bai isa ba, kai ka yi kuskure, ya bi ni asibiti. In rantsuwa ce ta ɗaure ka, ka yi kaffara, ya fi sauƙi a kan ka dawo gida ka tarar ana saya masa takalmi ƙafa ɗaya. Kai ma ka duba naka yatsun, don zuwanka na ƙarshe a gaban Kyauta na gan ka zaune.

Ka gaishe mini da Anti Rahmatu da Umar Faruk da ƙannensa. Zakiyya da jaririya suna gaishe ku, Rhoda ma ta ce a gaishe ka. Baba bai san na rubuto ba. A cikin ledar da ke haɗe da takardar nan za ka ga huffin ƙafar dama, na hagun yana cikin akwatina na kulle. Ban wanke shi ba. Ka buɗe ka shinshina kafin ka ɗauki waya.

Wassalam. Ƙanwarka,
Na'ima Mika'ilu