Ƙugiyar Da Ban Rubuta Ba

Zuwa ga hasken da ya rage mini, sanyin idona tun idon yana da lafiya, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara arba'in da huɗu ban taɓa ɗaga kai na gode mata ba, matata, uwar 'ya'yana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, zan fara da gyara wani kuskure. Na san abin da za ki ce: "Ai kuwa, Malam Jan Biro ke nan, ko wasiƙar ban haƙuri da gyara zai buɗe ta." Ki daure ki saurara, gyaran nan shi kaɗai ya rage a hannuna.

Jiya da hantsi ƙaninki ya zo duba ni, daga bakinsa kuma na fara jin abin da ya faru makonni biyar da suka wuce, lokacin da nake kwance a asibiti an naɗe mini idanu. Ya ce kina kakkaɓe kantar littattafai kundin karatuna ya faɗo, kika miƙa wa babbar 'yarmu, kika ce ta duba miki abin da na rubuta a gaban littattafan da kike kawo mini. Kika riƙa tuna mata su da kamanninsu, mai hoton zomo, mai shuɗin bango, na gyaran famfo, ita kuma tana nemo su tana karanta miki: na ƙi, na ƙi, na ƙi. Har kika ce ta rufe haka nan, kin ji.

Ba haka na rubuta ba! Wallahi ba haka na rubuta ba, ya rabin raina. Abin da ke wurin kalma ɗaya ce mai harafi huɗu, babu tazara a tsakiyarta, babu ƙugiya a kan harafinta na uku. Naki. Abin da yake mallakinki, abin da ya fito daga hannunki. Shekara talatin da biyu na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a, ban taɓa barin ƙugiya ta ɓace daga inda take da haƙƙi ba, ban kuma taɓa ɗora ta inda ba a gayyace ta ba. Da ƙi nake nufi, da na lanƙwasa wa harafin kai, yadda ko daga bakin ƙofa za a hango. 'Ya'yan yanzu sun saba rubutu a waya babu ƙugiya ko ɗaya, sai ido ya koyi sa ta da kansa duk inda ya ga dama. Abin da idon 'yarmu ya yi ke nan.

Ke kuma mai karantawa, na san ke ce, 'yata, tunda babu wani mai karanta wa mahaifiyarki wasiƙa a gidan naki. Ban riƙe ki da komai ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki bi a hankali, ki tsaya a kowace aya, kada ki tsallake layi don kunya. Ni ma kunyar ce ta kai ni inda nake.

Ke kuwa matata, kin san kundin nan ya riga ki shigowa gidana. Na buɗe shi ina da shekara goma sha tara, a makon da na kama aiki, domin na lura littafin da mutum ya karanta bai rubuta sunansa ba yakan sulale daga kai kamar ruwa a rairayi. Na ja layi biyar da rula: lamba, kwanan wata, sunan littafi, yawan shafi, hukunci. A gidan hukuncin nan na yi mulkina. Wannan ya gamsar, wannan da sauran gyara, wancan ɓarnar takarda. Littafi dubu ɗaya da ɗari tara da shida na yanke wa hukunci, ban ji tausayin kowa ba. Amma ranar da kika fara dawowa daga kasuwa da littafi a ƙasan jakar ɗinkinki, kika ajiye mini a kan tebur kika ce, "Na ga yana da kauri, na ce zai daɗe maka," na karanta shi har bango, na ɗauki biro, na rasa hukuncin da zan yanke. Wa ke auna ruwan farko na damina ya ce ya cika sanyi? Sai na rubuta naki. Na sake rubutawa sau ɗari biyu da goma sha biyu bayan wannan.

Kuma wane irin zaɓi kike yi, ya farin watan gidana! Da nauyi kike zaɓa, da launin bango, wani lokaci ki shinshina takardar ki ce wannan bai sha ruwa ba. Kin kawo mini littafin kiwon zomaye alhali ko kaza ba mu da ita. Kin kawo mini kashi na biyu na wani dogon labari, har yau ban samu na ɗaya ba, na san yadda mutanen suka ƙare ban san inda suka fito ba. Duk na karanta miki su da babbar murya, da yamma, a baranda, ke a kan keken ɗinkinki kina taka shi, ni a kujerar nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda kika yi wa waigi da murfin gwangwani. In na tsaya gyara wa marubucin waƙafi sai ki daina taka keken ki ce, "Malam, bar bawan Allah ya ƙarasa maganarsa, ba ya nan balle ya ji ka."

Da ana tambayata amfanin ajiye irin wannan kundi, amsar malamai nake bayarwa: yana hana mantuwa, yana nuna wa mutum inda ya yi ƙiba da inda ya rame a ilmi. Sai a makonnin nan, ina bin sa da gilashin ƙara girma layi-layi, na gane ashe kwanakinmu nake ta jerawa. Lamba ta ɗari uku da tara, ranar da aka haifi wadda take karanta miki yanzu. Shafi goma sha ɗaya kawai na iya yi, a kan bencin asibiti. Lamba ta ɗari bakwai da arba'in, makon da muka tare a gidan nan, rufin ɗakin girki yana yoyo. Sai kuma wurin da ke kin sani ba sai an nuna miki ba: bayan lamba ta ɗari takwas da biyu babu komai, wata bakwai cur, tun daga ranar da muka binne ɗanmu. Wa ya cike wannan giɓin? Ke ce. Kika shigo wata yamma kika ɗora mini littafin gyaran famfo a gwiwa, kika ce, "Karanta, Malam. Gidan ya yi shiru da yawa." Na karanta miki yadda ake kwance kan famfo a canja masa roba, kina share ido da gefen yadin mutane. Babu wata waƙa da na taɓa karantawa da ta riƙe ni a duniya kamar wannan babi na roba. A gabansa ne aka ce miki na rubuta na ƙi? Wayyo ni!

Amma ban rubuto don in ɗora wa 'yarmu laifi ba, kuma ba zan ɓuya a bayan harafi ba. Tun jiya tambaya ɗaya ke ci na: me ya sa kika yarda nan take? Me ya sa ba ki ce, a'a, sake dubawa, Malam ba zai rubuta haka ba? Na san amsar, ita ce take kashe ni. Kin yarda ne domin ni na yi shekara arba'in da huɗu ina shirya ki ki yarda.

Kin tuna shekararmu ta fari, da kika ce in koya miki boko? Wata uku kina fama da fensir, harshenki a tsakanin haƙora. Ranar nan na dawo daga aiki na tarar da 'yar takarda a cikin hulata, da rubutunki mai hawa da gangara: ina kaunarka. Jimlar farko da kika haɗa da kanki a duniya, kuma ni kika ba. Me na yi? Na zaro jan biro daga aljihu, na ɗora wa harafin ƙugiyarsa, na kira ki na ce, "Ƙauna da ƙugiya ake rubuta ta." Kika karɓa kika duba, kika ce, "To, Malam," kika ajiye a kan tebur kika koma ɗakin girki. Ba ki ƙara taɓa fensir ba. Na ɗauka ƙyuya ce, har na faɗa wa abokan aikina haka. Ni ne na rufe miki ƙofar karatu da hannuna, sannan na zauna shekaru ina yi miki karatu ta taga ina jin ni mai alheri ne. Da kin iya, da ke za ki buɗe kundin nan da idonki, tun tuni ki ga abin da bakina ya kasa faɗa. Na ɗora miki ƙugiya ɗaya, ga shi an rama miki da ɗari biyu da goma sha uku.

Ko a ranar ƙarshe Allah ya ba ni dama na watsar. Da aka sallamo ni kika kawo mini ruwa, kika tsaya a bakin gado kika ce, "Malam, me kake rubutawa a gaban littattafan da nake kawo maka?" Kalma ɗaya ta ishe ni. Maimakon haka na tashi zaune ina tambayar wa ya ba ku izinin buɗe mini kundi, na yi muku lacca a kan mutunta kayan mutane. Kika ce, "Shi ke nan, na ji amsata." Washegari kika bi 'yarmu, wai za ki huta kwana biyu. Na zauna ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Ni! Dubi girman wautar mai ilmi.

Yanzu ƙaninki ya ce an yi wa surukinmu canjin wurin aiki zuwa inda sai an kwana biyu a hanya, ranar Alhamis za su tashi, kuma kin ce a sa akwatinki a cikin kaya. Ga nawa labarin, wanda na hana kowa faɗa miki. Aikin idon da aka yi mini bai yi ba. Hawan jinin ido ne, likita ya ce na dama ya tafi ba zai dawo ba, na hagu kuwa saura watanni, ya ƙi faɗin ko nawa, duk da na tambaye shi sau uku. Duniya tana tsukewa a kaina daga gefe-gefe, kamar ana jan bakin jaka. Ba littattafan nake wa kuka ba, na sha rabona har na ƙoshi. Fuskarki nake so ta zama abin da zan rufe ido a kai, ya tauraruwar asubata, ya rijiyar da ban san zurfinta ba sai da na ga guga ya dawo a bushe. In kika tafi ranar Alhamis, ko kin dawo baɗi, muryarki kawai zan tarar.

Ban ce na cancanta ba. Kekenki yana nan a baranda, na rufe shi da zane, kullum da yamma ina zama a gefensa da littafi a gwiwa, ba na buɗewa. Wa zan karanta wa? Wa zai ce in bar bawan Allah ya ƙarasa maganarsa? Na gwada sau ɗaya, na ji muryata tana dukan bango tana dawowa, na rufe. Zuciyata tana gaya mini na makara, cewa macen da aka yi wa gyara shekara arba'in da huɗu ba za ta juyo don an ce mata wannan karon kuskuren na wani ne ba. In haka ne, ba zan ga laifinki ba. Ki tafi da lafiya, amma kada ki tafi da na ƙi a cikin kunnenki. Wannan kaɗai ne ba zan iya ɗauka zuwa kabari ba.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, ko da ido ko babu, abin da na rubuta sau ɗari biyu da goma sha uku shi zan sa a ƙarƙashin wannan takarda, kuma a kansa zan mutu.

Naki,
mijinki.

Abubuwan da na haɗo a cikin ƙunshin da ƙaninki zai kawo:

Na ɗaya, kundin kansa. Na saka zare a kowane shafin da kalmar take. Ba ni da sauran abin da zan ƙara a ciki.

Na biyu, kati biyu da na rubuta da manyan harufa, ɗaya naki, ɗaya na ƙi. Kada ki tambayi kowa. Ki ɗora su a gefen shafin ki gwada da idonki, kamar yadda kike gwada zare da yadi.

Na uku, gilashin ƙara girma. A kula, hannunsa yana girgiɗi.

Na huɗu, 'yar takardar nan taki ta cikin hula. Tana maƙale a bangon kundin tun ranar. Na yi ƙoƙarin kankare jan da reza, ya ƙi fita.

Na biyar, jan biron. Ki yi yadda kika ga dama da shi.

Na shida, fensir sabo, na fiƙe shi, da farar takarda ɗaya. In akwai amsa, ko ta kalma ɗaya ce, ko ta ƙi ce, ina roƙo ta zo da hannunki. Ki rubuta yadda ya zo miki, manya-manya. Ba zan gyara komai ba. Ko na so ma, idona ya daina ganin ƙugiya.