An Ɗage Zaɓe, Ba a Ɗage Mu Ba

Zuwa ga Sarkin Tawada, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, saƙonka ya iso. Yaya ne ya kawo shi jiya da la'asar, yana ta sosa ƙeya kamar shi ya yi laifin. Wai ka ce a ɗaga aurenmu sai abin da hali ya yi, don ba ka da idon da za ka dubi Baba. Haba, masoyina! Ni za ka aiko wa ɗan aike? Kai da injinka ke buga maganar jama'a daga safe har yamma, taka guda ɗaya ce ta gagare ka kawowa da bakinka?

Na san abin da ya faru. Ka kwashe rabonka na kuɗin da muke tarawa ka sayi takarda, saboda zaɓe ya matso, 'yan takara kuma sun yi maka alkawarin aikin fastoci. Sai kotu ta ɗage zaɓen, masu alkawari suka kashe wayoyinsu. Na leƙa shagonka ran da ba ka nan. Takarda jibge har silin, injin lulluɓe da tsohon zane, abokin aikinka mai yankan takarda yana gyangyaɗi a kan benci.

To, saurari nawa labarin. Ka tuna ranar da ruwa ya tsare mu a kantin kayan lantarki, muka tsaya gaban firjin nan mai ƙofa biyu? Ka buɗe shi kamar mallakarka, ka ce sama nawa, ƙasa naka, tsakiya na 'ya'yan da ba su zo ba. Na yi dariya har na manta takalmina ya jiƙe. Tun daga ranar nake kai rabin albashina banki, ina yi maka gorin ni ce mai hankali a cikinmu. Makon jiya na koma kantin. Tun da sabuwar gwamnati ta ƙara harajin kayan waje, darajar kuɗi kuma ta faɗi, firjin ya yi fiffike. Mai kantin ya ji abin da na tara, ya ce, "Ƙanwata, wannan sai dai fanka, ita ma ta tebur." Ban taɓa ko anini ba, amma kuɗin ya narke a inda na ajiye shi, kamar gishiri a ruwa. Kai aka cuce ka da alkawari, ni aka cuce ni da jira. Wa zai yi wa wani gori?

Ga abin da na gani. Takardar nan ita ma kayan waje ce, kuma kullum tsada take ƙarawa, don haka kada ka kuskura ka karyar da ita. Makarantu za su koma, yara na bukatar littattafan rubutu. Na yi wa mai kantin maganin da nake aiki magana, ta ce ka kawo samfurin ambulan ɗin zuba ƙwayoyi da rasit. Ba zai kai ribar fastoci ba, amma ciwo da karatu ba sa jiran hukuncin kotu. Nan gaba kuma, duk ɗan takarar da ya shigo da fara'a, rabin kuɗi a hannu kafin ka kunna inji.

Gidan nan mai ɗaki biyu da falo da muka so kamawa, mu haƙura da shi. Na kama ɗakin da ke saman shagon tela, na biya hayar shekara kafin mai gidan ya ji labarai ya ƙara. Tagarsa ɗaya ce, famfo a ƙasa yake, keken tela kuma ba ya shiru. Sauran kuɗin ya tafi a katifa da risho. Daga yau kaɗan za mu riƙa bari a banki saboda lalura, saura mu mayar da shi abin da hannu zai taɓa.

Ya hasken safiyata, kana tsammanin firji nake kewa? Muryarka nake kewa, da yatsun nan da sabulu ya kasa raba su da baƙi, da yadda kake tsayawa a ƙofar kantinmu kana yi kamar maganin mura ka zo saya! Tsuntsu yana fasa sheƙa don iska ta sauya? Kwanakin nan da ka ɓuya sun fi mini tsadar kaya nauyi, don ita tsada kowa na taya ni kukanta, rashinka kuwa ni kaɗai nake ɗauka.

Na gaya wa Baba komai, ban rage ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Can sai ya ce, "Ni ma fanshona an ce ana sake lissafi. Da ana jiran ƙasa ta daidaita kafin a yi aure, da ba a haife ki ba. Ki ce masa ya zo."

Saboda haka ka zo ranar Asabar. Makullin ɗakin yana jakata, kuma ba zan fara buɗe shi ni kaɗai ba.

Taka ce a wadata, taka ce a rashi, har ranar da numfashi zai ƙare.