Da hannuna na kai tudun rage gudu inda ba a mutuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin don Allah ka ɓoye sunana, sunan garinmu ma ban so ya fito, duk wanda ya san yankin zai gane ni. Shawararku nake roƙo don girman Allah, kuma kwana huɗu kawai suka rage mini.

Garinmu ƙauye ne a bakin hanyar Madawa zuwa Buza. Hanyar ta raba mu biyu, gidaje da masallaci da tasha suna gefe guda, famfon da muke ɗiban ruwa da lakwal, wato makarantar boko, suna ɗaya gefen. Inda mata da yara suke tsallakawa kuwa ƙarshen wata gangara ce, bayan wata kwanar hanya, direba ba ya ganin mutum sai ya zo kansa. Tun da aka gyara hanyar direbobi suka samu abin da suke so, kamyon albasa, wato babbar motar kaya, zai sauko da lodi har sama, ko birki ba ya taɓawa. A wurin nan muka rasa wata tsohuwa, aka karya ƙafar wata yarinya, awaki kuwa mun daina zancensu. Mun taɓa tara ƙasa da duwatsu muka yi tudu da kanmu, aka zo aka sa mu kwashe, wai ba a taɓa hanyar gwamnati sai da izini. To mun ji, muka koma roƙo. Shekara da shekaru maigari yana zarya zuwa meri, wato ofishin magajin gari, kullum amsa ɗaya ce, babu kuɗi, a yi haƙuri.

Bana sai ga labari wai gwamnati ta ware kuɗin gyara wuraren haɗari, garinmu ya samu tudun rage gudu guda biyu da alluna. Biyu kacal, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, ke nan wuri guda za a kare. Aka aiko takarda da faransanci, a faɗi inda aka fi yin haɗari. Ni ke rubuta wa gari takardu, don na yi lakwal har kolej kafin in tafi biɗar kuɗi Abijan, saboda haka ni aka kira da birona.

A ƙofar maigari aka yi taron, dattawa a kan tabarma, mu muna tsaye daga baya, mace ko ɗaya babu, alhali su ne ke tsallaka hanyar safe da yamma. Ni a zatona maganar ba ta da tsawo, wa bai san gangara ba? Sai ƙanen maigari, mai rumfar shayi a tasha, ya kawo labarin wani gari wajen Keita da aka yi musu tudu daidai kasuwa, wai yanzu duk motar da ta rage gudu sai an sayi albasa da ƙosai ta taga, garin ya farfaɗo. Tasharmu kuwa tun da hanya ta yi kyau ba mai tsayawa. Nan da nan dattawa suka karkata. Na ɗaga murya daga baya na ce ai takardar inda ake haɗari take tambaya, ba inda ake ciniki ba. Maigari ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kai dai rubuta abin da anka ce maka, ba a kirawo ka shawara ba." Duk wanda ya tashi a ƙauyen Adar ya san ba ka mayar wa dattijo magana a gaban jama'a, ko da kana da mata da 'ya'ya uku. Na rubuta. A cikin takardar na ɗauko tsohuwar da ta rasu a gangara na kawo ta tasha, na ɗauko yarinyar ma na kawo ta tasha, maigari ya dangwala yatsa, ni na sa hannu a ƙasa.

Ba zan ɗora wa dattawa laifin duka ba. Innata tana cikin masu sayar da albasa a tasha, tun rasuwar babanmu da wannan sana'ar take riƙe da kanta, ba ta son miƙa wa kowa hannu ko mu da ta haifa. Lokacin da nake rubutun ita na tuna, shi ya sa hannuna bai yi nauyi ba. Da labari ya kai mata ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa na karɓa na ce amin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na sa rai wanda za a turo duba wurin zai gano da kansa. Ya zo kuwa, ranar kasuwa, ya tsaya a tasha, ya ga cinkoso ya ce lalle nan ne, ya ɗauki hoto da waya, ya sha shayin ƙanen maigari ya juya. Daga nan zuwa gangara ko jaki ba sai ka hau ba, amma bai taka ba, bai tambayi mace ko ɗaya ba. Shekarun da muka yi muna jira, kallon da aka yi mana ke nan. Yanzu an shafa jan fenti a tasha, an zube tsakuwa da yashi, 'yan kwangila sun ce ranar Litinin za su fara.

Makon jiya matata ta taso daga famfo, bido, wato jarkar ruwa, a ka, 'yarmu ƙarama a baya, kamyo ya sauko mata. Tsalle ta yi ta faɗa ramin gefen hanya. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta kuje, 'yar ma kuka kawai ta yi, amma bidon da ya faɗi kan kwalta taya ta bi ta kansa. Direban bai tsaya ba, ina jin bai ma gan ta ba.

Washegari na samu maigari shi kaɗai na roƙe shi mu koma meri mu gyara takardar. Ya ƙi, ya ce in muka ce mun yi ƙarya za a kwashe aikin a kai wani gari, mu rasa tasha mu rasa gangara, shi kuma a ce maigari ya dangwala wa ƙarya yatsa. Na je wajen Inna, ina tsammanin batun jikarta zai taɓa ta. Ya taɓa ta, har ta yi hawaye, amma ta ce, "In ka tahi ka tona ma dattawa asiri, da wane ido za ka zamna garin ga? Ka bari, mata su riƙa dubawa kahin su ƙetare." Wani abokina da ke aiki a meri ya ce mini in aka yi magana kafin a fara haƙa ana iya matsar da aikin, ana kuma iya soke shi, shi ma ba shi da tabbas, amma wanda ya sa hannu dole a tambaye shi.

Matata ba ta san komai ba. Ba ta karatu, kuma ba wanda ya gaya wa matan da ke zuwa famfo abin da aka yanke, su a ganinsu tasha wurin ajiye kaya ne kawai, aikin a gangara za a yi. Jiya tana wanke gwiwar da ruwan gishiri ta ce mini, "Tun da kai ka rubuta takardar hankalina kwance, daga Litinin ɗiyanmu sun huta." Na kasa ɗaga kai, na ce mata Allah ya sa.

Jama'a me zan yi? In tafi meri ni kaɗai in faɗi gaskiya, ko da za a soke aikin gari ya juya mini baya har da mahaifiyata? Ko in gaya wa matan su tashi da kansu, alhali ni na cuce su? Masu aiki a meri da ke cikin gurup ɗin nan, akwai hanyar gyara takarda irin wannan ba tare da an kwashe aikin ba? In kuma kun ce in yi shiru, to ku gaya mini abin da zan ce wa matata ranar Litinin, idan ta taso daga famfo ta hangi inda ake haƙa.