Tsibirin da Baba Ya Gano

Yelwa, Yawuri,
Jihar Sakkwato.
Mayu, 1990.

Zuwa ga yayana Sahabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ta hannun direban motar kifi: maganin Baba, da atamfar Inna, da gem ɗin talabijin da ka ce a ba 'ya'yana. Sun yi murna ƙwarai, amma ba su daɗe da shi ba, kakansu ya ƙwace.

Ka san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Baba ya daina yi wa kowa magana. Mutumin da ya ƙare shekarun ƙarfinsa yana tuƙa jirgin fito daga Wara zuwa ƙetaren tafki, yau ko zaure ba ya iya kaiwa. Fuska yake juyawa bango, fura ma sai Inna ta yi ta lallashi.

Ran nan yara suna wasan a ɗakinsa, tunda can talabijin take. A cikin kaset ɗin akwai wani ɗan mutum mai takobi da ke yawo cikin daji da duwatsu, har ya kai bakin ruwa ya sami kwalekwale. Ɗana Abubakar ya kasa tuƙa shi, sai karo yake da gaɓa. Can muka ji muryar Baba daga gado: "Kai, ba haka ake barin gaɓa ba. Miƙo shi nan."

A jikin abin da ake riƙewa a yi wasan, maɓallin tafiya yana gefen hagu, daidai da hannunsa mai lafiya. Na sara da takobi yana dama. Da rana yara suna makaranta, ni ina wurin koyarwa, saboda haka Inna ce ta rage. Inna da ke cewa talabijin ta marasa aikin yi ce, yanzu ita ke zama bakin gado riƙe da rabin abin. Baba na tuƙi, in dodo ya fito ya ce, "Buga, Zainabu," ita kuwa ta runtse ido ta danna.

Ya soma cin abinci. Jiya ya tambaye ni yaushe za ka zo.

Inna na gaishe ka. Ka gaida matarka da yara.

Taka ƙanwa,
Mariyamu.

Yelwa,
Agusta, 1990.

Yayana Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ya damina? Nan ruwa ya sauka sosai.

Na ga takardarka, na kuma karanta wa Baba. Da na zo inda ka ce ba a ba ka hutu ba sai ƙarshen shekara, sai ya ce a kunna masa gem.

Wasan nasa ba irin na yara ba ne. Su burinsu su kashe babban dodo su gama. Shi bai damu da wannan ba, yawo yake so. Kowane lungu sai ya leƙa, kowane kogo sai ya shiga, in ya ga dutse sai ya san abin da ke bayansa. Mutanen garuruwan cikin wasan suna magana da rubutun Turanci, yakan bari sai na dawo in fassara masa, kuma ba ya wuce mutum bai tsaya gabansa ba, wai rashin ladabi ne. Amininsa Modibbo ya zo dubiya, ya ce tsofai-tsofai da shi yana wasan yara. Yanzu kusan kullum bayan la'asar yana nan, yana ba da shawarar hanya.

Makon jiya ya bi wani ruwa da yara ba su taɓa bi ba, ya tarar da ɗan tsibiri mai bukkoki da rijiya da wata babbar bishiya. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fara nuna wa Inna: nan gidan sarkin ruwa, nan ake shanya taru, nan uwarsa ke yin bandar kifi. Garinsu yake nufi, Yaya, wanda tafki ya haɗiye da aka gina madatsar ruwa, tun muna ƙanana. Ban taɓa jin ya yi zancen garin ba sai ranar. Inna ta yi ta share hawaye da bakin gyale, hannunta ɗaya na kan maɓalli.

Abin da ke ɓata rai, in wuta ta ɗauke komai ya goge, sai ya sake tasowa daga farko. Tafiyar kuma da nisa. Wani lokaci kafin ya kai tsibirin ya gaji.

Ba zan ɓoye maka ba, jikin ya ja baya. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya. Ya ce yana so ya kai ka tsibirin da hannunsa. Ka ƙara roƙon manyanka, don Allah.

Taka,
Mariyamu.

Yelwa,
Oktoba, 1990.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba mu juriya.

Na san wayar tangarahu ta same ka ba tare da bayani ba. Ranar Talata ce da hantsi. Ya yi asuba a kwance, ya sha koko, ya ce a kunna. Sun yi nisa cikin ruwa, Inna ta ga kwalekwalen ya tsaya. Ta ɗauka hutawa yake. Da ta waiwaya ta ga leɓensa na motsi, sai ta ajiye abin ta riƙe hannunsa, ta yi ta maimaita masa kalmar shahada har ya cika. An yi masa sutura bayan azahar. Masunta sun zo har daga Shanga da Ngaski.

Kada ka zargi kanka. Bai taɓa faɗin magana marar daɗi a kanka ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Sahabi ne ya aiko mini da jirgi."

Inna ce damuwata. Tana takaba, ba ta fita, ba ta son hira. Shekaranjiya na dawo daga makaranta na ji kiɗan gem daga ɗakin Baba. Na leƙa, na same ta ita kaɗai a bakin gado. Ashe duk watannin nan ba ta koyi maɓallin tafiya ba, nata kawai ta sani. Ɗan mutumin na tsaye wuri ɗaya a farkon hanya, yana ta saran iska da takobi.

Na ce ta kawo in tuƙa mata. Ta ce a'a, hannuna ba irin nasa ba ne, naka ne irin nasa.

Ka zo, Yaya, ko ba su ba ka hutun ba.

Taka ƙanwa,
Mariyamu.