Layin Fatihu

Alhamis, 3 ga Yuli, 2025

Wayar Fatihu ta mutu da kanta sau biyu yau, alhali cajinta cike. A na biyun sai da na yi ta danna ta har yatsana ya yi ciwo kafin ta farka. Tun ranar da ruwa ya kama ni a gonar gyaɗa take wannan zafin, kamar yanzu aka sauke ta daga murhu.

Wata goma sha ɗaya ke nan da tafiyarsa Aljeriya neman aiki, wata bakwai rabona da muryarsa. Ranar da zai tafi ya ɗauki ƙaramar wayata ya bar min babbar tasa, wai saboda ɓarayin hanya. Ya ce, "Tahira, ko tuwo zai ƙone, kada ki bar wannan a kashe. Lambata kaɗai na haddace, ita zan kira." Mutum ya haddace izu arba'in, lambar matarsa ta gagare shi. Dariya na yi masa a lokacin.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na bi motar kasuwa zuwa Ɗanbatta wurin Hadi mai gyaran waya. Da shirina na je, na aro 'yar ƙaramar wayar Inna Hure, mahaifiyar Fatihu. A cire sim a mayar can, ita kuma babbar ta mutu ranar da ta ga dama.

Ya soka tsinke, ɗan mazubin sim ɗin ya fito. Wayam.

Na fara rantsuwa ban taɓa buɗewa ba. Ya ce ya sani. "Malama, e-sim ne. Ba shi da kati, a cikin injin aka rubuta layin. Ko guduma kika sa ba abin da za ki tsinta." Sai na tuna ranar da Fatihu ya dawo daga Kano yana fankama wai layinsa ya zama iska, ɓarawo ma ba ya iya zarewa. Son burga irin nasa. To ga shi ni ma na kasa zarewa.

Ruwa ya ci injin. Hadi ya ce tana iya kai wata, tana iya mutuwa kafin in kai tasha.

Litinin, 7 ga Yuli

A wuya na rataye ta har Islamiyya. Yara suna biya karatu, ni ina taɓa ƙirjina in ji ko ta yi zafi.

Laraba, 9 ga Yuli

Mun je Kano da Yaya Sama'ilu, wan Fatihu, ofishin kamfanin layin. Yarinyar da ke kan tebur mai kirki ce, sai "Hajiya" take ce min. Ta ce mai layin ne zai zo da kansa a ɗauki fuskarsa. Na ce da zai iya zuwa, me zai kawo ni? Ta dube ni, ta rage murya. Wai hanya ɗaya ta rage. In mai layi ya rasu, magajinsa ya kawo shaidar rasuwa da takardar rantsuwa daga kotu, sai a mayar da layin sunansa a ba shi kati. In kuwa layin ya daɗe a kashe, wata rana wani za a ba.



Tsoro nake ji. Ina ganinsa ya fito daga inda yake, ya roƙi wani aron waya na minti ɗaya, ya danna lambar, wani ƙato ya ɗauka ya ce bai san wata Tahira ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Yaya Sama'ilu ya ce takarda ce kawai. Mai unguwa zai rubuta shaida, tunda wani da suka tafi tare ya dawo tuntuni ya ce wata huɗu bayan tafiyarsu motarsu ta lalace a Sahara, Fatihu yana cikin waɗanda suka tafi neman ruwa, daga nan bai sake ganinsa ba. Wannan labarin ban taɓa yarda na rubuta shi ba sai yau.

Inna Hure ta ce, "Ba a kashe min ɗa a takarda." Ta shige ɗaki. Bayan la'asar ta fito, ta karɓi wayar ta riƙe, ta ji zafin, ta miƙo min. "Ke kika yi karatu. In kin san amsar da za ki ba Allah, to."

Ban sani ba. Ni nake koya wa yara abin da rantsuwar ƙarya take ja wa mutum. Kuma in ba ƙarya ba ce fa? Ko in bakina ne zai ja masa? Ko'ina na juya tsoro ne.

Talata, 15 ga Yuli

Awa huɗu tana kashe. Daga hantsi har azahar. Na sa ta a gindin randa ta huce, na yi ta addu'a a kanta kamar mara lafiya. Wa ya san wanda ya kira a cikin awa huɗun?

Litinin, 21 ga Yuli

Na rantse. Ma'aikacin kotun ko ɗago kai bai yi ba. Ya karanta, na maimaita, na sa hannu. Sunan Fatihu ya zo da wata kalma a gabansa, ba zan rubuta ta a nan ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Ga sim a tafin hannuna, bai kai farcen babban yatsa ba. Lambarsa, sunana. Na sa shi a ƙaramar wayar Inna Hure, sabis ya cika. Ya kamata in ji sanyi.

Magana ba ta kwana a gidan mai unguwa ba. Mata uku sun shigo da safe suna min gaisuwa, "Ya haƙuri?" Asiya maƙwabciyata har da tambayar ko na fara takaba. Na ce takarda ce kawai, saboda layi. Suka kalli juna. Gobe wasu za su zo, na sani, kuma bakina ya gaji da bayani.

Asabar, 2 ga Agusta

Ina tankaɗe da hantsi wayar ta yi ƙara. Doguwar lamba, ba ta ƙasar nan ba.

Da can da gudu nake, ko da ƙullu a hannuna. Yau tsayawa na yi ina kallonta. Me zan ce masa? Cewa na tsaya a gaban hukuma na ce wallahi? Cewa jiya na amsa wa wata "haƙuri da godiya" ban gyara mata ba? Ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa kafin na ɗauka.

Wata tsohuwa ce daga Damagaram, tana neman jikarta. Ta yi kuskuren lamba. Ta ba ni haƙuri ta kashe.

Alhamdu lillahi, haka na ji bakina ya faɗa.

Inna Hure tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta fito ko takalmi babu. Ta ji ni sarai. Ba ta tambaye ni hamdalar mece ce ba, ni ma ba zan tambayi kaina ba. Na koma na ƙarasa tankaɗena.